Daga Ƙasa Zuwa Haɓa

Tun ranar da Magaji ya ce in fara haɗa kaya, zan bar unguwar Nuzla in koma gidansa na unguwar Waziriyya, ba a yi maganar da ta kai ta allunan nan biyu da ke jingine a bayan ƙofar ɗakina ba. Ku kuna ce musu zallaja da harshenku na 'yan Jidda, ni kuwa allunan zamiya na sa musu tun farko, kuma a haka za su zauna. Magaji ya ce gidansa bene ne, babu wurin tarkace, a ba masu gwangwan. Khulud ta ce ko kallonsu ba ta son yi, su suka kwantar da Babanku har ya bar duniya, ni kuma ina ji ina gani na bar shi ya tafi. Usama bai ce komai ba, amma na san shirunsa tun yana goye. Na gaji da amsa ku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji rabi ya duƙa kan wayarsa. To bari in zauna in rubuta yadda aka yi, da ɗan bokon nan nawa na yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskuren baƙi ya gyara a zuciyarsa.

Kun san aikin Babanku, amma daga bakin ƙofa kuka san shi: ya fita da asuba cikin farar riga, ya dawo da ƙamshin turaren motar wasu. Direban gida ɗaya ne tun kafin a haifi Khulud, kuma kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya daka masa tsawa ba. Duk shekara idan sanyi ya shigo aka ba yara hutu, mutanen gidan kan tafi duwatsun Turkiyya wasan zamiya a kan ƙanƙara, su tafi da shi. Shi ne mai tuƙi, shi ne mai kaya, shi ne mai jiran yara a gindin dutse da butar shayi. Ya dawo leɓe a fashe, labari cike da baki. Ni kuwa kun san ni, tun da na zo ƙasar nan daga Nuzla zuwa Makka iyakar duniyata ke nan, cefane ma na fi son in aika. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina tsince shinkafa yana zaune a tabarma yana zuba, shi a zatonsa iska yake yi wa magana, ni kuwa ina ajiyewa. A bakinsa na ji cewa da sassafe wata mota kan hau dutsen ta daddaɓe ƙanƙarar kamar yadda matan ƙauyenmu ke daɓen ɗaki, ta bar ta layi-layi kamar sabon kitso, kuma a kan wannan gyararriyar hanya masu hankali suke gangarowa. A bakinsa na ji yadda ake tsayar da yaro a shagon haya a jingina masa allon: mai koyo ya tsaya masa a haɓa, wanda ya iya ya kai masa hanci ko goshi, allon da ya wuce kai kuma na 'yan tsere ne da suka sallama ƙasusuwansu. Mai siririn ƙugu na gyararriyar hanya ne, mai faɗi na masu shiga dajin ƙanƙara. Mai taushi yana yafe wa mutum kuskure, mai tauri ba ya yafewa. Na ji wannan karatu har na haddace shi, ni da ƙanƙarar da na sani tana cikin firji.

A shekarar da likita ya ce masa yana da ciwon sukari ne ya shigo wata rana bayan la'asar ya kira ni da cikakken sunana. Idan kuka ji ya bar Rabi ya ce Rabi'atu, to akwai abin da yake so.

"Rabi'atu, bana zan hau."

"Ka hau me, Malam?"

"Dutsen. In sauko kamar kowa."

"Da wannan furfurar?"

"Furfura ai ta fi kowa iya gangara."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce yaran da ya ɗaure wa takalma a gindin dutsen nan yanzu da nasu 'ya'yan suke zuwa, kuma ya ji a jikinsa tafiyar ta kusa ƙare masa, nan gaba kaɗan za a nemi mai jini a jika. Ya ce ya gaji da kallon bayan mutane suna hawa, fuskarsu suna saukowa. Na ce to ai kai ka faɗa mini a can haya ake yi, ka je ka ari na yini guda ka kashe ƙishirwarka.

"Gidan nan haya ne. Motar da nake tuƙawa ta wani ce. Iƙamata ma, takardar zamana a ƙasar nan, da sunan wani a jikinta. Takalman zan yi haya, ƙafata ta saba. Amma ki bar ni in zame a kan abin da yake nawa."

Sai ya hau soro ya sauko da gorar da nake tokare igiyar shanya da ita. Wai akwai maƙwabcinmu da ke zuwa haraji kullum, kasuwar tsofaffin kayan nan ta kudu, ya gaya masa ya ga irin allunan a wurin wani Bayamale, to zai ba shi awo ya zaɓo masa, kamar yadda ake aika awon takalmin yaro da tsinken tsintsiya. Ya jingina da bango, ya miƙe sambal, ya haɗa ƙafafu, ya saki hannuwa a gefe, ya miƙo mini gorar.

"Auna ni, daga ƙasa har tsakar ka. Ki ɗaura zare a wurin."

Ku 'yan Jidda ne, ba za ku gane abin da na gani ba. Ina yarinya ƙarama a ƙauyenmu na bayan Tasawa mahaifina ya rasu. Ina raɓe a bakin ƙofa ƙanensa ya shigo da dogon karan dawa, ya shimfiɗa shi a gefen mamacin daga dunduniya zuwa ka, ya karye abin da ya yi saura, ya fita da shi wurin masu haƙa. Haka ake yi a can, da wannan karan ake sanin tsawon kabari. Fuskar mahaifina ta ɓace mini da daɗewa, amma ƙarar karan nan, ƙas, tana nan a kunnena. Na san ba addini ba ne, na san malamai za su ce camfi ne. Amma mijina na tsaye ya miƙe kamar an shirya shi, yana ce mini in auna shi da gora tun daga ƙafa har ka. Na karɓe ta na jefar tsakar gida.

"Ba a auna mai rai haka. Ba da hannuna ba."

"Haba Rabi, wannan ai maganar ƙauye ce."

"To 'yar ƙauye ka aura."

Muka yi kwanaki ana gaisuwa sama-sama, tuwo na dawowa da saura. A cikin kwanakin ne na hau soro kwashe shanya na same shi can shi kaɗai, da silifas a ƙafa, ya haɗa yatsun ƙafafu ya buɗe dunduniyoyi, ya ɗan durƙusa, yana karkata dama, yana karkata hagu, kamar tattabara mai koyon tafiya. Bai gan ni ba. Na tsaya a matakala da kwando a hannu. Na san da zan zauna in yi masa kuka, in ce don Allah, don yaran nan, zai haƙura, don bai taɓa tsallake kukana ba. Na kuma san irin mutumin da zai rage mini a gidan bayan haka. Na sauko a hankali. Da ya shigo na ce ba za a aika gora ba, ranar Juma'a mu je harajin da kanmu. Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana.

"Ke? Haraji?"

"Idan na bar ka kai kaɗai, wanda ya fi ka tsawo za ka ɗauko. Na ji awon da ka nema."

Muka je bayan la'asar. Wai lokacin sanyi ne, amma kun san sanyin Jidda, gumi har cikin abaya. Muka ratsa masu firji da masu katifu har muka sami Bayamalen, wani ɗan dattijo mai jan gemu, zaune a tsakiyar kayan Turawan da suka gama aiki suka koma gida: sandunan kamun kifi, keken motsa jiki, da allunan nan a ɗaure da igiya kamar damin itace. Ya ce masu gidan shayi ne ke saya su rataya a bango don ado, bai taɓa samun wanda zai hau ba. Ya dube ni, ya dubi Babanku.

"Ya Hajja, naki ne ko na tsohon?"

"Na tsohon ne. Ni na zo riƙe masa hankali."

Kafin in rufe baki Babanku ya zaro wani ja mai walƙiya, ya tsayar da shi a gabansa. Ya wuce kansa da kusan taƙi guda. Idonsa ya yi haske irin na yaro ranar sallah. Ya ce irinsa babban ɗan kafilinsa yake hawa, idan ya gangaro sai dai ka ga ƙura.

"Malam, wa ya ce mini mai koyo a haɓa yake tsayawa?"

"Yara ke nan."

"A kan dutsen nan wa ka girma?"

Bayamalen ba ya jin Hausa, amma ya fashe da dariya, don ya gane an ci tsohon. Na ce wa Babanku danna shi mu gani. Ya dafa kan allon da hannu ɗaya, ya tura tsakiyarsa da ɗayan, ko gezau. Na ce wannan irin surukin nan ne da ba ya karɓar haƙuri, ka mayar. Ya ɗauko wani mai faɗi, na ce dajin ƙanƙara za ka shiga, ko hanyar da mota ta daɓe? Ya mayar yana ƙunƙuni, wai bai san yana renon malama a gida ba. Can ƙasan damin na hango wani shuɗi, fentinsa ya ɗan kwaile, ƙugunsa siriri, ƙarfen gefensa babu tsatsa. Aka danna ya lanƙwasa ya dawo. Na ɗauke shi da kaina, ya fi yadda na zata nauyi, na kafa shi a ƙasa gaban Babanku na ce ya tsaya daidai. Bakin allon ya zauna a ƙarƙashin haɓarsa kamar don shi aka yanka. Bayan hannuna ya taɓa gemunsa a tsakiyar kasuwa, ni da ko a gabanku ban taɓa riƙe masa hannu ba. A nan na lura cewa na auna shi dai, duk gudun da na yi. Amma daga ƙasa zuwa haɓa ne. Wannan awon ba na masu haƙa ba ne, kan ya rage a sama yana kallona yana ɓata rai.

"Wannan ai na mata ne."

"To ka sauko mini da rai a kan na mata."

Na sa ya yi mini alkawari cewa idan sun isa zai kai wa masu shagon can su duba ƙarafan da ke kama takalmi, su daidaita su da nauyinsa, don shi ya ce mini idan mutum ya faɗi dole su sake shi, in ba haka ba ƙafa ce za ta murɗe. Ya ce halas, wato shi ke nan, ya ji. Bayamalen ya haɗa mana da sanduna biyu, ya tambaye ni ko na taɓa zuwa can. Na ce a kunne na je.

Magaji, kai ne ka fara ganinsu a tsakar gida. Ka tuna abin da ka ce? Rabinsa da Larabci ka faɗa, don idan ranka ya ɓaci Hausa guje maka take.

"Ya Umma, haram alaiki! Mutum mai sukari, mai wannan shekarun? Ke kaɗai yake jin maganarki, ki hana shi."

"Na hana shi dogo. Ban hana shi tafiya ba."

Ka fita ka bugo ƙofa. Ban ga laifinka ba, har yau ban gani ba.

Suka tafi. Ana cikin hutun ƙaramin ɗan kafilin ya turo wa Usama hoto mai motsi. Duk kun gani, amma ban san ko kun kalla kamar yadda na kalla ba. Fari fat har ido na ciwo, ga layin kitson nan da ya sha ba ni labari, ga wani mutum cikin aron riga mai kumburi yana gangarowa a kan shuɗayen alluna, ƙafafu a haɗe ta gaba kamar a soronmu. Yara ƙanana suna wuce shi ta dama da hagu. Ya karkata ya juya, ya sake karkata ya juya, bai faɗi ba. Da ya iso kusa da mai ɗauka ya ɗaga sanda sama, ya ƙwala kira da muryar da ban taɓa jin ta a gidan nan ba: "Rabi'atu, ga ni nan!" Na sa Usama ya maimaita mini har ya gaji ya bar mini wayar.

Sai kuma aka bugo aka ce ya faɗi, ƙashin kwatangwalo ya karye. Kafilinsa ya tsaya masa tsayin daka, aka yi aiki a can, aka dawo mana da shi a keken guragu, allunan a cikin kaya. Daga nan kun san sauran, ko kuna zaton kun sani. Masu dubiya suka cika ɗaki, yana ba su labarin yadda ya taho a guje daga ƙololuwa, allon ya kufce, ya yi sama ya dawo. Kullum dutsen na ƙara tsawo. Khulud ta daɗe tana gaishe ni idonta na kallon bango. Na haɗiye, don ni ma a lokacin haka na ɗauka, ina kwana ina tashi da tambayar ko ni ce na zaɓi allon da ya kayar da shi.

Wata rana da hantsi, gidan babu kowa, ina shafa masa mai a ƙafar, ya ga hawaye na ɗiga a kan ƙaurinsa. Sai ya ce:

"Rabi, daina. Ba a dutse na faɗi ba."

Na tsaya da hannu a ƙafarsa.

"Allonki bai ci amanata ba. Na hau na sauko, na hau na sauko, har ƙafafuna suka yi rawa. Ranar dawowa ce. Na riga na ɗaure su a saman mota. Ina fito da akwatuna daga masauki, babban yana kafaɗata, ashe ruwa ya daskare a kan matakala. Shi ke nan."

"To me ya sa ka ce..."

"Na roƙi mutanen gidan su yi shiru, sun yi. Ke ma ki yi. Ki bar yara su ce ubansu daga kan dutse ya faɗo. Kar su ce akwatin wani ne ya danne shi."

"Ni fa? Ni suke tuhuma."

"Ke kin fi ni ƙarfin wuya."

Haka ya ɗora mini ya juya fuska bango. Na ɗauka. Ƙashin bai haɗu yadda ake so ba saboda sukarin, bai sake riƙe sitiyari ba. Shekarun da suka biyo baya ba sai na ba ku labari ba, kun zo kun gani kun koma gidajenku. Ni ce ɗagawa, ni ce kwantarwa, ni ce wanka da kwanon fitsari, har bayana ya lanƙwashe bai sake miƙewa ba. Akwai ranakun da na ji haushinsa har na kasa kallonsa, musamman idan baƙo ya zo yana ƙara wa dutsen tsawo, ɗayanku kuma yana harara ta ta gefen ido. Akwai kuma ranakun da zai ce in kawo masa allunan, ya ɗora su a cinya yana goge su da tsumma, ya ce, "Na mata dai, amma yana jin magana." Sai mu yi dariya mu biyu kamar marasa hankali.

Da ya cika, motar gawa ta zo, kuka tafi da shi, kuka dawo kafin azahar. A nan garin ba wanda ke shigowa da kara. Ramukan a haƙe suke suna jira, duk tsawonsu ɗaya, ba suna, ba alama. Na tambaye ka, Magaji, a ina aka sa shi, ka ce ta wajen bangon gabas, amma ba za ka iya nuna daidai wurin ba. Ni kuwa ko ƙofar maƙabartar ban taka ba. Tufafinsa kun rabar sadaka, kuma daidai ne. Motar ta koma ga mai ita, iƙamar ta koma ofishinta, gidan nan ma ga shi za mu mayar wa mai shi.

Ya ce kar in faɗa, ga shi na faɗa. Ku yi da maganar yadda kuka ga dama. Wanda yake so ya ci gaba da cewa ubansa daga kan dutse ya faɗo, ya ci gaba, don ya hau ɗin, kuma ya sauko da ƙafafunsa. Saɓa masa da na yi kuwa tsakanina da shi ne, idan mun haɗu ma ƙarasa.

Zan koma Waziriyya, ba ni da ƙarfin gardama, matakalar soron nan ma ta fi ƙarfina. Kujerun ku ba wanda kuke so, tukwanen Khulud ta zaɓa. Amma Magaji, ranar da za ka zo, ka taho da igiya. A saman mota ake ɗaure su, haka ubanka ke yi. Idan na'urar hawa benen ba ta ɗauke su ba, Usama ya bi da su ta matakala. Wuri kaɗan suke ci, bayan ƙofa ya ishe su, a tsaye, gindinsu a ƙasa. Duk safiya idan na idar da salla nakan dafa bango in tashi in tsaya a gabansu. Inda bakinsu ya ƙare nan haɓarsa take. In ɗaga ido kaɗan, in ce masa ina kwana.